Oga ya cire murfin filena, wai na 'yan koyo ne

YaronShago_Kano
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ce ƙarar ubangidana na kawo, neman sani nake yi. Wata bakwai ke nan ina koyon aiki a wani shagon injin katako. Makon jiya aka fara barina in hau filena, wannan ta saman da ake kwantar da katako a kan tebur a tura shi da hannu ya bi ta kan wuƙa, ba wadda take jan katako da kanta ba. A bidiyon da nake kallo a YouTube joyinta suke ce mata, kuma duk wadda na gani akwai wani murfi a kan wuƙar, katako ya ture shi ya wuce, shi kuma ya dawo da kansa ya rufe. Tamu babu. Na ga ramin da ake ɗaura shi, da na tambaya sai Oga ya ce tun ranar da aka kawo injin ya cire, wai yana hana mutum ganin abin da yake yi, yana kuma rage sauri. Shi dai shekararsa ashirin da ɗoriya a kan injin nan, yatsunsa goma cif. To da gaske murfin ba shi da amfani ga wanda ya iya? Ni kam duk sanda hannuna ya zo saitin wurin sai in ji cikina ya ɗuri ruwa.

GwaninKujera
Wa alaikumus salam. Ogan naka bai faɗi ƙarya ba. Ka zaga 'Yan Katako na Na'ibawa, ka leƙa Rijiyar Lemo, ka dawo ka faɗa mana filena nawa ka gani da murfi. Kuma kullum aiki ake yi. Inji ba ya cin mai hankali. Wannan tsoron da kake ji shi ne murfinka, ka riƙe shi da kyau.

BabaMaiZarto
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin, ba bayan ba.

GwaninKujera, ɗana, ni da hannun hagu nake rubuta maka wannan, domin na dama yatsu uku da rabi suka rage. Shekarata goma sha takwas a kan filena ranar da abin ya faru, kuma da a ce ka tambaye ni da safiyar ranar, irin amsarka zan ba ka, har da ƙari.

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah ne. Mai kaya yana tsaye a kaina yana jiran gadon amarya. Wani ɗan guntun katako ne, bai fi taƙi ɗaya ba, na ce bari in ɗan share masa fuska sau ɗaya in ba shi. Bakinsa na gaba ya dulmiya cikin ratar da ke tsakanin tebur da wuƙa, wuƙa ta cafke shi ta harba shi baya ya bugi bango. Hannun da ke danna shi fa? Ƙasa yake dannawa, katako ya bar wurin, sai ya sauka inda katakon yake. Wallahi ban ji zafi ba a lokacin. Ji na yi kamar an ɗan fizge ni. Yaron shagona ne ya fara salati kafin ni in duba.

Abin da mutane ba su sani ba, zarto in ya yanke yatsa yakan bar maka shi a ƙasa, ka ɗauka ka ruga asibiti ko Allah zai sa a dace. Filena ferewa take yi. Babu abin da za ka ɗauka, yana cikin dusa.

GwaninKujera
Allah ya ƙara haƙuri Baba, ban san da wannan ba. Amma ai ka faɗa da bakinka, guntun katako ka ɗora. Laifin guntu ne da sauri, ba laifin rashin murfi ba.

BabaMaiZarto
Duka biyun ne. Guntu ne ya jawo, rashin murfi ne ya bari. Da akwai shi, katakon na barin wurin zai rufo, in sha bugu a bayan hannu in yi tsaki in ci gaba da aikina.

MalaminFasaha
Baba ya gama magana, ni lissafi kawai zan ƙara, tunda shi nake koya wa ɗalibai a ɗakin aikin katako.

Gangar da wuƙaƙen ke ɗaure a jikinta tana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya a yawancin irin waɗannan injuna, wasu ƙasa kaɗan wasu sama. In wuƙa uku ce a jiki, sara 15,000 ke nan a minti, wato 250 a daƙiƙa guda. Lafiyayyen mutum da hankalinsa ke wurin yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya janye hannu. Kafin nan wuƙa ta wuce sau sittin. Saboda haka maganar "zan janye da sauri" babu ita. Gwani da ɗan koyo duk ɗaya suke a nan.

Ƙa'idojin da muke bi, kuma su ne za ka tarar a littafin da ke zuwa da injin: katakon da tsawonsa bai kai inci 12 ba, ƙafa ɗaya ke nan, ba ya hawa filena. A ɗauki filen hannu a yi masa. Wanda kaurinsa bai kai rabin inci ba, ba a share masa fuska a kanta, yana iya tarwatsewa a ƙarƙashin hannu. Cin wuƙa kada ya wuce milimita 3 a tafiya ɗaya, ni ma milimita ɗaya da rabi nake sa wa yara, in katakon mai tauri ne kamar kirya ko maɗobiya a rage ƙasa da haka. Gara ka bi sau huɗu da ka bi sau ɗaya inji yana gurnani. Kan katako, inda aka datse shi da zarto, ba a ɗora shi. Kuma in ka fara turawa ba a jawo katako baya ta kan wuƙa, a ɗaga shi ko a kashe inji.

YaronShago, abin da ya fi murfi sauƙin samu a gare ka yau shi ne katakon turi. Ka sami filanki mai kauri, tsawon taƙi ɗaya da rabi, ka yi masa mariƙi a sama kamar na dutsen guga, a ƙarshensa na baya ta ƙasa ka manna ɗan dunduniya da zai kama bayan katakon da kake turawa. Da gam za ka manna, ban da ƙusa ko sukuru, domin wata rana wuƙa za ta taɓa shi. Ka yi guda biyu, na biyun babu dunduniya, ka liƙa masa robar tsohon tib a ƙasa don kada ya zame.

Ɗan_Panteka
Malam, littafin da ke zuwa da injin? Wanne? Rabin filenar da ke Kaduna mu muka haɗa ta da walda a nan, ko kuma tsohuwa ce 'yar gwanjo da ta girme ni. Ba littafi, ba murfi, wani lokaci ko suna babu a jiki.

MalaminFasaha
Gaskiyarka. To tunda kai ne maƙeri, ga roƙona. Akwai masu haɗa ganga mai kusurwa huɗu domin ta fi sauƙin ƙerawa, a ɗaure wuƙa a kowane gefe da noti. Ku daina don girman Allah. Wannan irin tana barin babban rami tsakaninta da tebur a kowane juyi, in ta kama yatsa sai ta ja tafin hannu gaba ɗaya. Mulmulalliyar ganga ba ta da wannan ramin, ɓarnarta takan tsaya a kan yatsu. Dokar ma'aikata ta Amurka mulmulalliya kaɗai ta yarda da ita a filenar da ake turawa da hannu, kuma ta ce kada wuƙa ta leƙo fiye da kashi ɗaya bisa takwas na inci daga jikin gangar. Ba ƙa'idar ƙawa ba ce, yatsun mutane aka ƙirga kafin a rubuta ta.

Ɗan_Panteka
Ni dai mulmulalliya nake yi, a kan leda, injin fere ƙarfe, ake fere min ita. Amma mai saye in ka ce masa kuɗin ya ƙaru saboda murfi sai ya ce a bar murfin. Araha ba ta ado, sun sani, amma ita suke so.

ƊanMaraɗi
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan degoshisoz muke ce ma wannan injin, sunan Faransanci ne, wadda ke jan katako da kanta kuma rabotez. Ina son in gyara ma Malam magana guda. Murfin da yaron ya gani a bidiyo irin na Amurka ne, mai lilo. Tawa daga Turai ta zo, nata murfin kamar gada yake, doguwar farantin ƙarfe bisa wuƙar, ana ɗaga shi ana saukewa. In za ka share fuska sai ka ɗaga shi daidai kaurin katako, katakon ya bi ta ƙarƙashi, hannunka ya bi ta bisa gadar ya sauka can gaba. In gefe za ka gyara sai ka sauke shi ƙasa, ka ja shi baya daidai yadda katakon zai wuce tsakaninsa da majingina, wato ƙarfen da ke tsaye a gefen tebur wanda ake jingina katako da shi. Da wannan irin ba ka buƙatar katakon turi sai in aikin gajere ne. Ina faɗi ne don kada wani ya ga nashi bai yi lilo ba ya ce ya lalace ya cire.

MalaminFasaha
Na karɓi gyara, Malam ƊanMaraɗi, na gode. Irin mai gadar ma in an saita shi daidai ya fi rufe wuƙa, domin mai lilo in katako mai faɗi ne yakan buɗe gaba ɗaya, kuma a daidai lokacin da wutsiyar katakon ke barin wuƙa akwai ɗan lokaci kafin ya rufo. Nan ne masu tura katako da tafin hannu daga baya suke gamuwa da tsautsayi.

Abban_Sadiya
Ni fa duk wannan lissafin ban ga inda ya hana abin da Allah ya rubuta ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Akwai wanda ya sa duk kayan kariya ya fita mota ta buge shi.

BabaMaiZarto
Abban Sadiya, na yarda da ƙaddara fiye da yadda kake zato, ita ta sa ban haukace ba a wata ukun da na yi ina zaune matata na ɗaura min tazuge. Amma wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara. Shagonka ma ai da kwaɗo kake rufe shi da daddare.

Abban_Sadiya
Haka ne Baba. Allah ya ba mu ikon kiyayewa.

MaiWayarin
Ku bar ni in shigo ta ɓangarena, domin akwai wata hanyar da injin nan ke cin mutane a ƙasar nan wadda masu bidiyon YouTube ba su san da ita ba, ita ce ɗauke wuta.

Ana cikin aiki NEPA ta ɗauke. Kowa ya yi tsaki ya saki abin da yake yi, babu wanda ya tuna ya kashe makunni domin ai inji ya tsaya. Yaro ya zo yana share dusa daga bakin wuƙa da hannu, ko Oga ya ce bari mu yi amfani da damar mu canza wuƙa. Can sai a dawo da wuta, ko wani a bayan shago ya tayar da janareta ya juya canji bai yi magana ba. Na je gyara wani shago bayan irin haka ta faru, jinin yana nan a jikin majingina ba a goge ba.

Maganinsa ba tsada. A cire wannan makunnin mai mariƙi da ake ɗagawa a sauke, ko na bango, da ake amfani da shi, a sa sitata mai kwantakta, mai maɓalli kore da ja. Ita in wuta ta ɗauke sakin kanta take yi, ko an dawo da wuta inji ba zai tashi ba sai an sake danna kore. Duk mai wayarin da ya san aikin injin niƙa ko famfon burtsatse ya san ta. A ɗaura ta inda gwiwa ko hannun hagu zai kai ba tare da an miƙa ta kan tebur ba.

Kuma ko da ita, in za a taɓa wuƙa a zare fulogi, in babu fulogi a cire fis a sa a aljihu. A aljihunka, ba a kan tebur ba, don kada wani mai son taimako ya mayar.

Ɗan_Panteka
Wannan gaskiya ne. Ƙari a kai: injunan nan masu haɗe-haɗe, filena da zarto a kan sanda ɗaya, in ka kunna duka biyun ke juyawa. Kana fama da filena zarto na gudu tsirara kusa da gwiwar hannunka. Wanda ba a amfani da shi a sauke shi ƙasa ko a rufe.

Sarkin_Fenti
Salam. Afuwan na shigo a tsakiya, akwai mai filena inci 12 ta sayarwa? Ko 'yar gwanjo ce in dai mota tana da lafiya. A yi min magana ta akwati.

Mai_Kula_Da_Zaure
Sarkin Fenti, ranar Asabar ake tallace-tallace a zauren nan. A ci gaba da maganar da ake yi.

MaiWasaWuƙa
Sana'ata ke nan wasa wuƙaƙen filena da haƙoran zarto, saboda haka ina ganin abin da kafintoci ba sa gani. Sai wuƙa ta dakushe ta koma kamar bayan cokali sannan a kawo min. Dakusasshiyar wuƙa ba yanka take yi ba, duka take yi. Katako ya riƙa tsalle, kai kuma ka ƙara danna shi da ƙarfi, ka ƙara tura shi da ƙarfi, duk nauyinka ya koma kan hannun da ke dab da wuƙa. Ranar da ya kuɓuce ina za ka faɗa? In ka ji ƙarar inji ta canza, ko fuskar katako na fitowa da ƙyalli kamar an goga mata kwalba, ko tana ƙonewa, lokaci ya yi.

Sai wajen mayarwa. A goge ramin da wuƙa ke zama tas, ƙaron katako da dusa suna hana ta zama daidai. Duka wuƙaƙen su zama tsayi ɗaya, in ɗaya ta fi leƙowa ita kaɗai za ta yi aikin. Notunan a fara ɗaure na tsakiya a fito gefe, kaɗan-kaɗan, a zagaya sau biyu. Wanda kansa ya cinye a canza shi. Wuƙar da aka wasa har ta sirance, maƙallin ba ya kama ta sosai, a jefar. Kuma in an gama, a juya gangar da sanda a tabbatar ba ta taɓa tebur, sannan kowa ya kauce daga saitinta kafin a kunna. Wuƙar da ta fita daga ganga tana gudu ba ta tambayar wane ne Oga.

Masu ɗora tsohon katakon rufi ko na zubin dakin da aka cire daga gini, ku duba ƙusa. Rabin wuƙaƙen da ake kawo min da giɓi ƙusa ce ko tsakuwa.

YaronShago_Kano
Na gode ƙwarai iyayena, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Wata tambayar: in na tura katako, a ƙarshensa sai in ga ya ɗan zurma, kamar inci ɗaya da wani abu ya fi sauran ci. Oga ya ce hannuna ne bai zauna ba.

MalaminFasaha
Mai yiwuwa ba hannunka ba ne. Teburin gaba, wanda katako ke sauka a kansa bayan ya wuce wuƙa, dole ya zama daidai da ƙololuwar wuƙa in ta zo sama. In ya yi ƙasa, wutsiyar katako na barin teburin baya sai ta faɗa kan wuƙa, shi ne zurmin da kake gani. In ya yi sama kuma katakon zai riƙa tokarewa ko ya fito da tsini. A zare wuta, a ɗora miƙaƙƙen katako a teburin gaba ya leƙo kan gangar, a juya ta a hankali. Wuƙa ta ɗan taɓa shi ta ja shi milimita biyu zuwa uku, shi ke nan.

Inda hannu ke shigowa: da zarar katako ya sami wurin zama a teburin gaba, can za ka mayar da dannawarka. Masu ci gaba da danna baya har ƙarshe su ne hannunsu ke biyo wutsiyar katako zuwa kan wuƙa. In katakon ya lanƙwashe, cikin ƙwaryar ne ke kallon ƙasa don ya zauna da ƙafa biyu, in ka kifa shi ta doron zai yi ta rawa. Ka kuma duba kwanciyar gashin katakon, ka tura shi yadda wuƙa za ta bi gashin kamar mai shafa bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya. In ka saba, tsaga zai yi, kuma a wurin ido yana iya harbi.

GwaninKujera
To ka ga wannan bayanin na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin shi ne iya aiki. Abin da nake cewa ke nan tun farko. Wanda ya san waɗannan murfi bai dame shi ba.

UwarBiyu_Nas
Malam GwaninKujera, ni ba kafinta ba ce, maigidana ne yake zauren nan nake leƙawa ta wayarsa har na shiga da kaina. Ma'aikaciyar jinya ce ni a ɓangaren gaggawa. Waɗanda ake kawo mana da hannu naɗe a tsumma, ba yara kaɗai ba ne, akwai masu furfura, kuma kusan kalmarsu ɗaya: "shekara kaza ina yi."

Tunda ana maganar, ga abin da za a yi in Allah ya kawo tsautsayi. A kashe inji. A sami ƙyalle mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Don Allah ban da baƙin mai, ban da fetur, ban da toka ko dusar katako ko garin magani. Duk sai mun wanke su kafin likita ya ga abin da zai ɗinka, kuma su ke kawo ruɓa. In akwai guntun da ya fita, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A cire zobe tun kafin hannu ya kumbura. A wuce babban asibiti kai tsaye, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, kada a tsaya kemis ana ɓata awanni. A tuna da allurar tetanus.

Kowane shago ya kamata a ce akwai bandeji da gozi a cikin leda a rataye. Ba su kai kuɗin kwanon abinci biyu ba.

BabaMaiZarto
Allah ya saka da alheri 'yata. Ni baƙin mai aka zuba min, da kyakkyawar niyya. Na ji a jikina.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Ghana. Ni a Sokoban nake aiki, unguwar masu katako ta Kumasi. Kowa na maganar yatsa, babu mai maganar ƙirji da kunne. Katakon da kuke ce wa iroko ko loko, mu odum muke ce masa, ƙurarsa tana sa asma da ƙaiƙayin fata. Mansoniya ta fi shi mugunta, atishawa da haɓo. Obece ma, wawa a wurinmu, da ake ganin ba shi da laifi, yana sa wasu asma. Hukumar binciken kansa ta duniya tun 1995 ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, ta cikin hanci. Filena ba ta kai injin sanfefa ƙura ba, amma shago ɗaya ne, iska ɗaya ake shaƙa. A sa takunkumi. Kunne kuma, ku lura da tsofaffin masu inji, sai an ɗaga murya suke ji.

Ɗan_Jos_Katako
Ni safar hannu nake sawa saboda sartse, musamman da sanyin nan namu. Ba ta taimakawa?

MalaminFasaha
Cire ta, ɗan'uwa. A wajen sauke katako daga mota ka sa, a kan filena a'a. Wuƙa in ta taɓa fata yanka za ta yi, in ta kama zare ja za ta yi, hannun ya bi. Haka dogon hannun kaftani, a naɗe shi sama da gwiwar hannu ko a sa 'yar shara. Zoben azurfa, agogo, carbi a wuyan hannu, duk a aljihu. Tabarau na kariya kuma dole, idon katako in ya ɓalle kamar harsashi yake fita. Kada kuma a bar kowa ya tsaya a bayan teburin shiga, nan katako ke bi in ya yi harbi, kuma nan ne masu kaya suka fi son tsayawa suna kallo.

Lauyan_Unguwa
Ƙarin haske ga masu shago. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ke kula da ita, mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki asusun ya biya. Na san yawancin shagunanmu ba su ma taɓa jin ta ba, kuma yaron koyo ba albashi yake ɗauka ba balle a lissafa. Amma ƙungiyoyin kafintoci za su iya zuwa ofishinsu su tambaya yadda za a shigar da su.

GwaninKujera
Lauya, mu da muke fama da kuɗin dizal. A bar wannan maganar.

YaronShago_Kano
Salam. Na dawo da labari. Jiya bayan la'asar da aiki ya lafa na sami Oga, ban ce masa a intanet na ji ba, na ce wani dattijo ne ya ba ni labarin hannunsa, na faɗa masa yadda Baba ya faɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ya san mutum biyu. Murfin dai babu shi, ya ce tun tuni yara suka haɗa da tarkace suka sayar wa 'yan gwangwan. Katakon turi na yi guda biyu da ragowar maɗaci, ya ɗauka ya jujjuya ya ce dunduniyar ta yi kauri, in rage, in ina so in yi amfani da abina, amma shi kada in kawo masa. Maganar sitata ce ya ɗauka da gaske, domin ashe an taɓa dawo da wuta yana cikin ɗaure wuƙa, Allah ya sa sifana kaɗai ta tashi. Ya ce in nemo mai wayarin ya faɗi kuɗi. Guntaye kuma ya ce in ba su kai ƙafa ɗaya ba in kai wa mai filen hannu, wai dama shi ma ba ya son ina ɗora su.

GwaninKujera
Ka gani ko? Ogan naka ya san abin da yake yi. Murfin dai bai mayar ba.

BabaMaiZarto
Bai mayar ba domin babu shi a hannu. Yaro, ka rage dunduniyar kamar yadda ya ce, kada ta kai kaurin katakon da kake turawa, ya fi ka gaskiya a nan. Kuma ka ajiye su a kan injin inda hannu zai kai, in suna cikin akwati ba za ka ɗauko ba ranar da ake sauri.

Ɗan_Panteka
Murfi mai lilo ba wani abu ba ne, ko da filawud mai kauri ana yi, sanda ɗaya ce da sifirin. YaronShago, in an zare wuta ka auna min faɗin tebur, da faɗin ramin da sandar ke shiga, da nisan ramin daga tsakiyar ganga, ka ɗauko hoto ta sama. Zan zana maka yadda za ka yanka. Sifirin ɗin ne ban sani ba ko na birkin babur zai yi ƙarfin dawo da shi, wa ya taɓa gwadawa?

ƊanMaraɗi
Na birki ya yi tauri, zai riƙa ture siririn katako daga majingina. Gwada na sitandan Haojue, ko ka bari in auna na wani maƙwabcina gobe in an buɗe shago.